KASET ƊIN GEM BA KAYAN JERE BA NE

Na san masu bibiyar wannan fili ci gaban labari suke jira a wannan mako, to a yi mani afuwa. Wata magana ce ta tokare mani maƙoshi tun bayan Sallah, in kuwa ban amayar da ita ba alƙalamin ma ba zai yi gudu ba.

Ƙanin maiɗakina ne ya zo yi mana barka da Sallah, ya tarar da yarana uku sun baje a tsakar ɗaki gaban tsohuwar talabijin ɗina mai ƙusumbi, durowa a buɗe, kasa-kasan gem a gefensu, suna ta musun wanda zai karɓi hannu. Ko zama bai yi ba ya dafe kai ya ce, "Yaya, me nake gani haka? Ka san abin da yaran nan suke wasa da shi kuwa? Wannan fa dukiya ce!" Nan take ya zaro waya ya shiga nuna mani ɗakunan wasu Turawa, bango guda tun daga ƙasa har rufi an jere shi da kasa-kasai cikin gilashi, fitilu na haska su kamar shagon gwal. Daga nan ya yanke mani hukunci guda uku. Na ɗaya, in sa kafinta ya yi mani shogilas mai fitila a falo. Na biyu, kowane kaset a rufe shi cikin akwatin roba, kada yaro ya ƙara taɓawa. Na uku, rawayen nan na jabu in tattara in ba 'yan jari-bola, wai suna zubar wa sauran da daraja.

A ranar ban ce masa komai ba, saboda baƙonka sarkinka, kuma ga tuwon Sallah a gaba. Amma abokin wasana ne, na san ba zai ƙullace ni ba in na ba shi amsa a bainar jama'a, domin ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Matasa da yawa da suka fara sha'awar tara tsofaffin kasa-kasai hotunan intanet ne malamansu, kuma ina ganin hanyar da suka ɗauka ita ce mafi sauri wajen kashe abin da suke cewa suna so.

Bari in fara faɗin abin da ke cikin durowar. Kaset 163 ne. Fiye da rabinsu irin rawayen nan ne da muka taso da su, kusan arba'in na Sega Mega Drive, ragowar na Super Nintendo da Game Boy. Na fara riƙe hannun gem a 1993 ina aji biyu na sakandare, a wani ɗan shago a unguwarmu inda kuɗin tararmu yake ƙarewa, dokar wurin kuma guda ce: wanda aka cinye ya miƙa hannu. Mu a lokacin ba mu san cewa kamfanin Nintendo na Japan ya fito da na'urar Famicom tun 1983 ba, ba mu san ta shiga Amurka da sunan NES a 1985 ba, ba mu kuma san cewa tamu ta shagon kwaikwayo ce ba. Mario muka sani, da tankar yaƙi, da harbin agwagwa, da Contra wanda duk yaron da ya haddace sirrin samun rai talatin ya zama sarki a layi. Da Sega ta iso da Sonic da Mortal Kombat kuwa, sai da iyaye suka riƙa zuwa da bulala suna kwashe mu lokacin magariba.

To, ƙanena, hujjarka ta farko kuɗi ce, kuma ba zan ce ƙarya ka yi ba. A watan Yuli na 2021 gidan gwanjon Heritage da ke Amurka ya sayar da kaset ɗin The Legend of Zelda a kan dala 870,000. Kwana biyu tsakani aka sayar da Super Mario 64 a kan dala miliyan 1.56, wata mai bi masa kuma wani Super Mario Bros. ya tashi a kan dala miliyan 2. Duk wannan ya faru. Amma ka tsaya ka tambayi kanka me aka saya? Kasa-kasan nan ba a taɓa ɓare ledarsu ba tun daga masana'anta. Wani kamfani ya duba kwalin da ledar ya ba su maki, aka garƙame su cikin akwatin roba mai kama da gilashi, ranar da duk aka fasa akwatin kuwa kuɗin ya bi ruwa. Ke nan wanda ya biya dala miliyan ɗaya da rabi ya sayi wasan da ba shi da ikon bugawa. Leda ya saya da kwali. Shi wasan kansa, Super Mario 64, an sayar da kwafinsa sama da miliyan goma sha ɗaya a duniya, ba wani abu ne mai wuyar samu ba. Bayan wannan hayaniya farashin ya sauko, har a 2022 wasu masu saye suka kai kamfanin da ke ba da makin kotu bisa zargin cewa an hura kasuwar ne da gangan. Ni ba alƙali ba ne, amma na san kasuwa, na kuma san yadda dillalai ke yi in suna son kaya ya tashi.

Sannan ka dubi nawa da kyau. Babu mai leda, babu mai kwali sai 'yan ƙalilan, wasu ma da sunan tsofaffin masu su an rubuta da maka a baya. Ko na kai su Amurka a ka babu mai ba ni kuɗin da zai mayar da na jirgi. Kallon kitse kake yi wa rogo. Darajarsu tana cikin abin da ke fitowa a talabijin in an soka su a na'ura, ita ce kuma kake so in kulle da kwaɗo.

Mu dawo kan shogilas. Mu Hausawa ba baƙin jere ba ne. Kakanninmu mata sun yi jeren ƙorai da tasoshi, iyayenmu suka yi na kwalla da samira, matanmu suka koma tangaran a cikin gilashi, kuma ban taɓa raina wannan ba, domin ado ne kuma ajiya ce, ranar da ta ɓaci a ɗauko a sayar. Amma kwalla ƙarfe ce mai fenti, ta shekara talatin a jere ba abin da zai same ta illa ƙura. Kaset kuwa roba ce da takarda da tagulla, wani ma da batir a cikinsa, kuma kowane ɗaya daga cikin huɗun nan yana da abokin gaba a cikin falon Bahaushe. Ba a littafi na karanta ba, a jikina na ji.

A 2016 na yi daidai abin da kake ba ni shawara yau. Maiɗakina ta sauya kayan ɗaki, na karɓi tsohon shogilas ɗinta, na zaɓi kasa-kasai sittin mafiya kyau na jere, na kafa shi a falo yana fuskantar taga don baƙi su gani. Baƙi kuwa sun gani, sun yaba, ni kuma kaina ya yi girma. Na kulle na ajiye makulli a aljihu, na hana kowa taɓawa, har ni kaina, domin duk wanda ya yi jere ya san ba a son a cire ɗaya a bar giɓi. Shekara biyar suna nan. Ranar da na tashi sauke su a 2021, saboda za a yi wa ɗakin fenti, sai na ga abin da hasken rana ya yi a hankali ba tare da na lura ba. Jan da ke jikin takardun ya koɗe ya koma ruwan hoda, hular Mario kamar an wanke ta da bilic. Tokar robar Super Nintendo ta koma ruwan ƙasa-ƙasa ta ɓangaren da ke kallon taga. Zafin watan Afrilu da ke taruwa cikin gilashi ya sa gefen wasu takardun ya ɗago, kyankyasai suka bi gam ɗin suka gaigaye. Haƙoran tagullar wasu kuma sun yi kore saboda laimar damina da ta shiga ta rasa hanyar fita. Na yi gudun gara na faɗa wa zago.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da zan faɗa yanzu, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. A cikin sittin ɗin akwai kaset ɗin Zelda na Super Nintendo, wanda ake kira A Link to the Past, da ya fito a Turai a 1992. Ba nawa ba ne, na ƙanena ne, autanmu. Shi ya tara kuɗin ɗinkin hula ya sayi na'urar ta hannu a Sabon Gari a 1998. Wasan da Turanci yake, don haka da ƙamus a gefe yake bugawa, ina yi masa dariya ina cewa da haka yake karatun jarrabawa da ya zo na ɗaya. A wasan akwai gurbi uku na ajiye inda mutum ya tsaya, kowa ya rubuta sunansa. Shi ya rubuta AUTA. Allah ya yi masa rasuwa a 2004 bayan gajeriyar jinya, Allah ya jiƙansa ya gafarta masa. Shekara goma sha biyu bayan nan, duk lokacin da kewarsa ta taso mani nakan soka kaset ɗin in ga sunan nan da zukata goma sha bakwai a gabansa, in bar shi yadda ya bar shi, in kashe. Ranar da na sauke jeren, shi na fara sokawa. Wasan ya tashi lafiya lau, kiɗan ya fito, amma gurabe ukun nan fayau, babu komai. Na zare na mayar ya fi sau goma. Maiɗakina ta shigo ta same ni zaune a ƙasa, ta ce, "Malam, lafiya?" Na kasa ba ta amsa.

Daga baya wani mai gyaran rediyo ya buɗe mani shi, da wani sukundireba na musamman domin kusoshin ba irin na kullum ba ne, ya nuna mani yadda abin yake. Shi wasan an gina shi ne a cikin wata ƙwaƙwalwa tun daga masana'anta, ba ya buƙatar wuta don ya zauna, shi ya sa kaset ɗin shekara arba'in yake tashi yau. Amma inda ɗan wasa ya tsaya a wata ƙwaƙwalwar daban ake rubuta shi, ita kuwa sai da wuta take riƙe abin da aka ba ta, dare da rana. Wutar daga wani ɗan batir take zuwa mai faɗin kwabo, CR2032, mai ƙarfin bolt 3, an liƙe shi da dalma. Ranar da ya mutu komai ya goge. Wasu sukan yi shekara ashirin, wasu su haura, na Pokémon Gold da Silver na Game Boy kuwa sun fi saurin mutuwa saboda akwai agogo a cikinsu da ke cin batir.

Za ka ce, to Yaya, ai ko a durowa yake batirin zai mutu. Gaskiya ne, na yarda, shogilas bai sha batir ba. Amma shogilas ne ya raba hannuna da kaset ɗin shekara biyar. Akwai 'yar na'ura da ake kira Retrode wadda ake soka kaset ɗin Super Nintendo ko na Sega a haɗa da kwamfuta a kwafe abin da aka ajiye, kafin a sauya batir. Mutumin da ke ɗauko kayansa yana dubawa, yana tambaya, yana hulɗa da masu gyara, shi ke jin irin wannan labari a kan lokaci. Ni kuwa ina can ina goge gilashi ina karɓar yabo. Sai da aka yi hari na fara ihu. Abin da ake amfani da shi ana jin ciwonsa tun yana ƙarami, abin da aka jere kuwa sai ya mutu ake sani.

Saura hukuncinka na uku, wai in zubar da na jabu. A nan ne raina ya fi ɓaci. Na san rawayen nan ba Nintendo ta yi su ba, daga Taiwan da Sin aka riƙa kwararo su, in ka buɗe ba ka ganin komai sai ɗigon baƙin gam a kan allo. Na san ƙaryar da ke jikinsu, a rubuta wasa 9999999 a kaset ɗaya, ka kunna ka tarar 'yan wasanni ne ƙalilan ake ta maimaitawa da sauya suna. Amma su muka buga. Ba mu kaɗai ba, yaran Rasha da na'urar Dendy suka taso, na Folan da Pegasus, duk kwaikwayon Famicom ne, kuma a can babu mai jin kunyar faɗa. Kaset ɗin asali mai leda yana da masu adana shi a Japan da Amurka, har gidan tarihi na wasanni gare su a birnin Rochester na jihar New York. Wa zai adana wanda yaron Fagge ko na Tudun Wada ya buga? In na zubar da su, na bar na asalin da yawancinsu daga baya na saye su a gwanjo, na shirya wa 'ya'yana tarihin ƙarya ke nan, tarihin ƙuruciyar wani yaron Landan ba ta ubansu ba.

Kada kuma masu cewa duk wannan shirme ne, a kwashe tarkacen a zubar, su ɗauka ina bayansu. Su ma ga nasu. A 1983 kamfanin Atari ya haƙa rami a garin Alamogordo na jihar New Mexico ya binne kasa-kasai wajen dubu ɗari bakwai da suka yi kwantai. A 2014 sai ga mutane da motocin haƙa suna tone juji suna neman su, aka samo wajen 1,300, wasu aka kai gidajen tarihi. A 2023 kuma wata cibiyar tarihin wasannin bidiyo a Amurka ta fitar da bincike cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Mu marubutan Kano bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Mu nawa ne ba mu da ko kwafi ɗaya na littafinmu na farko? Ni nawa sai a hannun wata mai ba da hayar littattafai na same shi, bango ya cire, shafi huɗu sun ɓace, an sha karanta shi har ya yi laushi kamar tsumma. Wallahi ya fi mani daraja a haka da a ce sabo ne fil ba wanda ya taɓa buɗawa. Kaset ma littafi ne, da hannu ake karanta shi.

Ga yadda nake ajiye nawa yanzu, ga mai son ya amfana. Durowar katako ce mai zurfi a ɗakin da rana ba ta shiga, nesa da bangon da ke jiƙa, an ɗaga ta daga ƙasa saboda gara da ruwa. Kowane kaset a tsaye yake kamar littafi a kanta, ba a ɗora wani kan wani ba, bakinsa a rufe saboda ƙurar hunturu. Ba na ɗaure su da kyauro domin zafi na narkar da shi ya manne a takarda, ba na kuma liƙa salatif. 'Yan ƙunshin ƙwayoyin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi ina zuba su a kowane saƙo don su tsotse laima, in damina ta wuce in sauya. Hura kaset da baki, wanda dukkanmu muka taso muna yi, na hana, domin danshin numfashi ne ke sa haƙoran tsatsa. Audugar goge kunne nake tsomawa a sifirit mai ƙarfi irin wanda masu gyaran waya na Farm Centre ke wanke inji da shi, in goge haƙoran, in bari su bushe. Masu batir na ware su gefe guda, na rubuta shekarar da aka sauya wa kowanne a wani ɗan littafi. Na'urar da aka yi don wutar Japan ko Amurka ba na haɗa ta da tamu sai da abin rage ƙarfin wuta. Tsohuwar talabijin kuma ina lallaɓa ta, saboda bindigar harbin agwagwa ba ta aiki da na bango na zamani. Mafi muhimmanci, duk wata sai an zagaya an kunna wasu, ta yadda shekara ba za ta ƙare ba sai kowane kaset ya ga wuta.

Ban ce nuna kaya haramun ba ne. In baƙo mai sha'awa ya zo, nakan jawo durowa ya zaɓa da hannunsa, mu zauna mu buga, ya tafi yana ba da labari. Wanda kuma ya nace sai ya yi ado da su, ya ɗauki hoton takardun ya sa a firam ya rataye, rana ta ci hoton ta bar masa kaset.

Na san abin da ya rage a bakinka: yara za su lalata. Sun ma lalata. Bara ƙaramin ya taka mani wani na Sega ya tsage, na yi faɗa, na liƙe shi, yana nan yana aiki da tabonsa. A shekara huɗu da buɗe wa yara durowa asarar ke nan guda ɗaya, a shekara biyar na kulle gilashi kuwa ka ji abin da na rasa. Kuma yaron da ya san daɗin abu shi zai adana shi bayan raina. Wanda aka hana taɓawa, ranar rabon gado shi zai fara kiran mai jari-bola ya auna a kilo.

Kaset ɗin Zelda an sa masa sabon batir. Babban ɗana ya tambaye ni ko zai iya farawa daga farko, na ce ya fara. Da ya zo wurin rubuta suna ya juyo ya ce, "Baba, wane suna zan sa?" Na ce ya sa nasa, amma a gurbi na biyu. Na farkon na bar shi yadda yake. Yanzu yana da zukata tara, kuma shi ma da ƙamus a gefe.

Don haka ƙanena, kuɗin shogilas ɗin da ka ce za ka taimaka da shi, na gode, ka sayo mana fetur na janareta. Ranar Asabar ka zo da yamma, akwai hannu biyu, kuma dokar ba ta sauya ba: wanda aka cinye ya miƙa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan labarinmu. Wassalam.